Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: A Buɗe Gurbin Masu Bibiyar Illar Magani

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni ma'aikacin sashen magani ne a wani asibitin gwamnatin jiha, na kuma daɗe a bakin tagar ba da magani. Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonku ku buɗe gurbi na musamman a tsarin ma'aikatan jihohinku, na jami'in da aikinsa shi ne bibiyar abin da magani ke yi wa mutane bayan sun sha shi ko an yi musu allurarsa. Gurbi nake nufi mai suna, mai albashi, mai matakan ƙarin girma, irin wanda ɗalibar da ke aji uku a jami'a za ta iya cewa shi take buri, kamar yadda wata ke cewa tana son zama likitar mata. A yawancin asibitocinmu babu wannan. Abin da aka saba shi ne a kira ɗaya daga cikinmu a ce masa daga yau kai ne mai kula da fam ɗin illar magani, a ɗora masa a kan aikin da dama ya fi ƙarfinsa. Ba tebur, ba kwamfuta, ba kuɗin kiran waya, ba kuma wanda zai tambaye shi a ƙarshen shekara rahoto nawa ya tura. In aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan magana ta mutu.

Na san da yawa daga cikinku likitoci ne, don haka ba zan tsawaita a kan dalilin aikin ba, sai dai don mai karatu da ba ma'aikacin lafiya ba. Kafin a ba magani izinin shiga kasuwa, a kan mutum ɗaruruwa ko 'yan dubbai ake gwada shi, kuma zaɓaɓɓu ne. Galibi babu mai ciki a cikinsu, babu yaro mai tamowa, babu dattijon da ke shan magani biyar a rana yana kuma haɗawa da jiƙo. Illar da ke samun mutum ɗaya a cikin 10,000 da wuya ta bayyana a gwajin mutum 3,000. Sai maganin ya shiga hannun miliyoyi take fitowa. Duniya ta koyi wannan da tsada a kan talidomaid, maganin da aka riƙa ba masu ciki a ƙarshen shekarun 1950 saboda tashin zuciya, har aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Shi ya sa Ingila ta fito da katinta mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa shirin sa ido kan illar magani na ƙasa da ƙasa a 1968, wanda cibiyarsa ke garin Uppsala na ƙasar Suwidin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Mafi yawan magungunan da muke rubutawa ba a jikin mutanenmu aka fi gwada su ba. Duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin ya san ƙaiƙayin da take sa mu, wanda Bature bai cika yin sa ba. Maganin hawan jini irin su lisinofiril ya fi kumbura wa baƙar fata leɓe da harshe. Da yawa daga cikin mazanmu an haife su da ƙarancin wani sinadari a jan jini da ake kira G6PD, wanda ke sa wasu magunguna su farfasa musu jini, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi baƙi. Waɗannan sanannu ne. Waɗanda ba a gano ba tukuna, a ɗakunan kwanciyar asibitocinku za a gano su, in akwai mai dubawa.

Daga sama an yi ƙoƙari, kuma ya kamata a faɗa. Najeriya ta shiga shirin na duniya a 2004. Hukumar NAFDAC tana da cibiyar ƙasa ta wannan aiki a Abuja, akwai cibiyoyin shiyya a asibitin koyarwa na Shika da na Maiduguri, akwai fam mai ruwan ɗorawa, kuma tun 2020 akwai manhajar Med Safety da kowa zai iya saukewa a wayarsa ya aika rahoto. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga tsarin kula da magunguna na ƙasar nan zuwa mataki na uku cikin matakai huɗu. Amma NAFDAC ba ta da gadon kwantar da mara lafiya. Majinyaci yana kwance ne a babban asibitin jiha, ko a asibitin karkara, ko a kan tabarma a gida bayan ya dawo daga kemis. In rahoto bai tashi daga nan ba, Abuja ba ta da abin da za ta nazarta. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2006 ya nuna cewa kusan kashi 94 cikin 100 na illolin magani ba a kai rahotonsu, kuma mafi yawan binciken a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki aka yi su. Zuwa 2015, duk nahiyar Afirka ba ta kai kashi 1 cikin 100 na rahotannin da ke rumbun duniya ba. Wannan giɓi a hannunku yake, don ku ne ke ɗaukar ma'aikatan da ke tsaye a kan mara lafiya.

Mu a Arewa mun riga mun ɗanɗana. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a man birki, wanda ke kashe ƙoda. In aka haɗa da waɗanda suka mutu a Ibadan, sun haura 100. Wannan na cikin abin da ya kai ga kafa NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 sinadarin nan ya dawo cikin maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, ya kashe yara 84, kuma Zariya na cikin garuruwan da aka yi jana'iza. A 2022 ya ɓulla a Gambiya ya ɗauke yara kusan 70, a 2023 ya ɓulla a Kamaru, maƙwabciyarmu da muke cin kasuwa ɗaya.

Ina so ku lura da yadda irin wannan masifa ke tafiya. Yaro ya yi zazzaɓi, an ba shi ruwan magani, ya fara amai, bayan kwana biyu uwa ta lura bai jiƙa zani ba tun jiya. An kawo shi asibiti, an ce ƙoda ce, ya rasu, an ce kwana ya ƙare. A asibiti na gaba ma haka. Kowane likita yaro ɗaya ko biyu ya gani, kuma a wurin da maleriya da gudawa ke kashe ƙodar yara dama, ba mai zargin kwalba. Sai an samu wanda ya tambayi kowace uwa me aka ba yaron, ya karɓi kwalbar, ya rubuta suna da lambar rukunin da ke jikinta, ya ga sunan ya maimaitu sau uku, sannan asiri ke tonuwa. A Gambiya likitocin asibitin koyarwa na Banjul sun fara ankararwa a ƙarshen Yuli, gargaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya fito ranar 5 ga Oktoba. Duk ranar da ta wuce tsakanin yaro na farko da ranar da aka kwashe kwalaben daga kanti, wata uwa tana ɗura wa ɗanta guba da hannunta tana yi masa addu'ar samun sauƙi. Rage waɗannan kwanaki shi ne aikin jami'in da nake magana a kai.

Sai maganar Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta da shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan an ba maganin izini a Amurka, rahotannin da likitocinsu suka riƙa aikawa na lalacewar hanta sun sa an taƙaita amfani da shi a 1999, a Turai kuma aka dakatar da shi. Su suna da masu tattara bayani, sun kare mutanensu cikin ƙanƙanin lokaci. Mu kuwa abin da ya rage mana shi ne zargi da rashin yarda. Da aka zo 2003 aka ce allurar shan inna tana hana haihuwa, mutane sun yarda ne domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har Indonesiya, kuma sai 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru muna ganinsu yau a bakin titunanmu. Da a ce a wancan lokaci akwai 'ya'yanmu, masu jin yarenmu, da za su fito da littafi su ce mun bi yara kaza da aka ɗiga wa, ga abin da muka gani, ga abin da ba mu gani ba, da malamai da sarakuna sun samu hujjar da za su tsaya a kai tun da wuri.

Ba kullum ne abin ke zuwa da girman annoba ba. Bari in ba ku wanda na gani da idona. An kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, wuyanta ya murɗe gefe guda, idanunta sun kakkafe sama, harshe a waje, tana jin magana amma ba ta iya amsawa. Kakarta ta riga ta yanke cewa iska ce, tana faɗa cewa ba nan ya kamata a kawo ta ba. Mahaifin kuma tsoron sanƙarau ne ya kawo shi. Wata tsohuwar nas ce ta tsuguna ta tambayi uwar, "Baiwar Allah, me aka ba ta jiya?" Uwar ta kwance bakin zani ta fito da 'yar leda, ciki har da fankon kwalbar allurar tsayar da amai, metokulofuramaid, da aka yi mata a kemis. Aka yi mata allurar da ke warware wannan murɗewa, kafin a idar da sallar la'asar yarinya ta zauna tana neman ruwa. Kowa ya yi hamdala, aka sallame su. Ba a cika fam ba. Ba a rubuta wa uwar sunan maganin ta ajiye ba. Mai kemis ɗin bai taɓa jin labari ba, don haka babu abin da zai hana shi yi wa yaro na gaba. Kuma ina tunanin yara nawa ne irinta ba su iso asibiti ba sam, aka yi ta yi musu turare da tofi alhali allura ɗaya ce tsakaninsu da sauƙi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na magunguna irin su Septrin da Fansidar da wasu magungunan farfaɗiya. A kan samu wanda zai sha, bayan mako ɗaya ko biyu ƙuraje su feso, baki ya farfashe, idanu su manne, fata ta fara saɓulewa. Dangi su ce jifa ne. Wasu sukan mutu, wasu su tashi da makanta. Wanda Allah Ya raya, in aka sallame shi ba tare da kati a aljihu mai ɗauke da sunan maganin da jikinsa ya ƙi ba, wata rana zai sake karɓar maganin nan da wani suna a wani kanti. Mutanenmu suna da yadda suke faɗa: maganin bai karɓe ni ba, jinina bai haɗu da shi ba, ya yi min ƙarfi. Waɗannan kalmomi rahoto ne cikakke, mai saurare kawai suke jira.

To me jami'in zai riƙa yi? Da safe zai zaga ɗakunan kwanciya da sashen gaggawa, ya tambayi likitoci da nas-nas ko akwai wanda magani ya ba matsala. Rahoto ba ya tsayuwa sai da abu huɗu: mara lafiyan da za a iya gane shi, wanda ya kawo labarin, maganin da ake zargi, da abin da ya faru. Daga nan aikin hankali ke farawa. Yaushe aka fara maganin, yaushe alamar ta fito? Da aka daina, ta lafa? Akwai wani magani ko na gargajiya da ake sha tare? Cutar da ake jinya ba za ta iya kawo haka da kanta ba? A ina aka sayo, mene ne lambar rukunin, akwai lambar NAFDAC a jiki? Sai ya auna ƙarfin zargin bisa ma'aunin da aka yarda da shi a duniya, ya shigar da bayanin a kwamfuta ya tafi Abuja, daga can ya wuce rumbun duniya mai suna VigiBase da ke ɗauke da rahotanni sama da miliyan 30. In abin mai tsanani ne, ba ya kwana a kan tebur. In kwalbar ce abin zargi, zai killace sauran ya aika samfuri ɗakin gwaji, kuma NAFDAC tana da ɗaya a Kaduna. Sannan ya koma wurin wanda ya kawo rahoton ya gaya masa abin da aka samu. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ke kashe wa ma'aikata gwiwa, don wanda ya cika fam sau biyu bai ji ko na gode ba, ba zai cika na uku ba.

Kada a ɗauka aikin tsorata mutane ne. Sau da yawa wanke magani yake yi. A 2018 wani bincike a Botswana ya nuna alamar cewa dolutegrabir, maganin ƙanjamau, yana iya jawo nakasar laka ga jariran da aka ɗauki cikinsu ana shan sa. Aka yi taka-tsantsan, masu bibiya suka ci gaba da ƙirga haihuwa bayan haihuwa, adadin ya yi ta sauka, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba kowa, har da mata masu shekarun haihuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, a Satumbar 2024 an janye maganin sikila mai suna Oxbryta daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka fito bayan ya samu izini. Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, ba ta da uzurin zama 'yar kallo a irin wannan hukunci.

Ku duba kuma yawan maganin da jihohinku ke rabawa ga masu lafiya. Duk damina ana bi gida-gida ana ba miliyoyin yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata, kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyin dangin Fansidar ne. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin kansar bakin mahaifa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar, a Disambar shekarar kuma aka fara allurar maleriya a Kebbi da Bayelsa. Duk waɗannan alheri ne, ina goyon bayansu da zuciya ɗaya. Amma in ka ba yara miliyan magani a mako guda, dole wasu su yi zazzaɓi ko su suma ko ma su rasu a makon, ko da maganin ko ba shi. Wa zai je gidan washegari ya bincika, ya rarrabe abin da maganin ya jawo da abin da ya zo daidai da shi, kafin saƙon murya ya zaga WhatsApp? Yanzu masu ba da tallafi ne ke horar da mutane na 'yan kwanaki kafin kowane zagaye, a ba su alawus, zagaye ya ƙare kowa ya koma inda ya fito. Ƙwarewa ba ta taruwa a haka.

Akwai kuma duniyar da asibiti bai gani. Mafi yawan mutanenmu kemis suke fara zuwa. Akwai 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, ba su san ciki akwai sinadarin da ke kawo ciwon suga da hawan jini ba. Akwai mayukan bilicin, akwai kayan mata, akwai maganin ƙarfin maza da ake cewa na itace ne zalla alhali an daka ƙwayar Bature a ciki. Akwai leburan da ke haɗiyar maganin ciwon jiki kullum har ƙodarsa ta gaji, da mai sikilar da allurar kashe zafi ta zame masa jaraba. Ruwan tari mai kodin ya daɗe yana cin matasa da matan aure kafin a hana shi a Mayun 2018, kuma sai da binciken 'yan jarida ya fallasa abin aka motsa. Matar da maganin gyaran jiki ya illata ba za ta faɗa wa namiji baƙo da Turanci ba. Za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta, da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci, in ta tabbata ba za a tona mata asiri ba. Shi ya sa nake ganin aikin nan ya dace ƙwarai da 'ya'yanmu mata da suka karanci harhaɗa magunguna da jinya, waɗanda da yawansu ke barin aiki bayan aure saboda kwanan asibiti. Wannan aikin rana ne, kuma rabinsa a kan kwamfuta ake yi.

Na san amsar da za a ba ni: likitoci ma ba su ishe mu ba, suna ta ficewa waje, ina kuɗin sabon gurbi? Tambaya ce ta gaskiya. Amma mutum ɗaya da ya kwanta makonni da saɓulewar fata, ko aka sa shi a injin wankin ƙoda saboda magani, yana cin gado da ma'aikata da kuɗin da ba kaɗan ba, ban da abin da danginsa ke sayarwa. Kuma ba sai likita ba. Mai harhaɗa magunguna zai iya, nas za ta iya, masanin kimiyyar magunguna da na ƙididdigar cututtuka za su iya, in an horar da su. A ƙananan asibitoci, ƙaramin jami'in magani da ma'aikacin lafiya na al'umma za su iya tattara rahoton su miƙa sama. Muna da matasa da suka gama bautar ƙasa suna zaune da takardunsu, cibiyar Uppsala kuma tana da darussa kyauta a intanet ga duk mai son farawa.

Gurbin da kuka buɗe ba a asibitin jiha zai tsaya ba, kuma wannan ne ya sa nake kiran sa sana'a. Ƙa'idojin NAFDAC sun wajabta wa kamfanin da ya yi wa magani rajista ya ajiye ƙwararren jami'i da zai amsa tambaya a kan lafiyar maganin, ya riƙa rubuta rahoto lokaci-lokaci. Gwamnatin tarayya tana ƙoƙarin ganin an ƙara sarrafa magani a cikin gida, har Shugaban Ƙasa ya sa hannu a umarnin sauƙaƙa haraji a kan kayan haɗa magani a 2024. Kowace sabuwar masana'anta za ta nemi irin waɗannan mutane. Masu gwajin magunguna suna nemansu, shirye-shiryen tarin fuka da ƙanjamau da maleriya suna nemansu, ga kuma Hukumar Magunguna ta Afirka mai hedikwata a Kigali. A Indiya, a birane irin su Haidarabad da Bangalor, dubban matasa na cin abinci da tantance rahotannin illar magani na kamfanonin Turai da Amurka, suna zaune a ƙasarsu. Duk waɗannan wurare abu ɗaya suke tambaya: rahoto nawa ka taɓa bi daga farko har ƙarshe? Yaron Arewa ba zai samu amsar wannan tambaya ba in babu inda zai fara. In muka yi sakaci, guraben nan za su cika babu namu a ciki, mu dawo muna kukan an bar mu a baya.

Jami'o'in jihohi a ƙarƙashin gwamnatocinku suke. Na Kaduna da na Gombe suna da tsangayar harhaɗa magunguna, kusan kowace jiha kuma tana da makarantar jinya da ta fasahar lafiya. Ku yi magana da takwarorinku na ilimi mai zurfi, kada ɗalibi ya fita sai ya cika fam na gaske a kan mara lafiya na gaske, malaminsa ya duba. In za a tura ɗalibai karatun digiri na biyu, a ware wa wannan fanni kujeru, da sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki.

Akwai wani abu da ba ya buƙatar ko kwabo. Ma'aikata suna tsoron kai rahoto. Nas tana gudun a ce ita ta yi kuskuren awo, ƙaramin likita yana gudun fushin na gaba da shi, mai kula da sito yana gudun a ce ya ɓata sunan ɗan kwangilar da ya kawo maganin. Takarda ɗaya daga ofishin Kwamishina da ke cewa rahoton illar magani ba laifi ba ne, ba za a ba kowa takardar neman bahasi a kansa ba, za ta buɗe bakin mutane da yawa. A haɗa da masu kemis ta hannun ƙungiyarsu, a nuna musu cewa wanda ya kawo rahoto ba kansa ya kai ƙara ba. Kano ma ta samu dama ta musamman tun da aka mayar da dillalan magani cibiyar Dangwauro a 2024: tebur ɗaya na karɓar ƙorafi a wurin zai ji labarin magungunan da ke tafiya jihohi da dama har Nijar da Chadi.

Ba na neman a fara da duk asibitoci lokaci guda. A kasafin kuɗi mai zuwa, kowace jiha ta sa jami'i ɗaya na cikakken lokaci a ma'aikatar lafiya, da ɗaya a babban asibitin kowace shiyyar sanata, a ba su kwamfuta da waya da abin hawan zuwa ƙauye. Ku nemi Shugaban Ma'aikata ya shigar da gurbin cikin tsarin aiki da matakansa, don kada ya tafi da tafiyar wanda ya kawo shi. A ba su lambar waya da za a riƙa sanarwa a rediyo da harsunan jihar, a buga katin da za a riƙa ba duk wanda magani ya taɓa illatawa. A ƙarshen shekara Kwamishina ya fito ya faɗi rahoto nawa jiharsa ta aika da matakin da aka ɗauka a kai. Ina kuma roƙon ɗaya daga cikinku ya ɗauki nauyin gabatar da wannan batu a zaman Majalisar Lafiya ta Ƙasa mai zuwa, da kuma gaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikacin sashen magani a wani asibitin gwamnatin jiha